Tsakanin Zaure da Ɗakin Taɓo: Ina Baƙo Zai Tuɓe Takalmi?

Duk wanda ya saba zagaya sababbin unguwannin Kano, Kaduna ko Abuja a ranar suna ko ta ɗaurin aure, ya san abin da ke fara tarbar baƙo a gidajenmu na zamani, wato tulin takalma a bakin ƙofar falo. Na manya da na yara, silifas da masu tsini, duk sun hau kan juna, mai shiga yana tsallake-tsallake, mai fita yana sunkuye yana lalube, wani ma ya tafi da ƙafa ɗaya tasa ɗaya ta maƙwabcinsa. Gida ne da aka narka wa miliyoyin naira, an yi masa rufi mai tsini kamar za a yi dusar ƙanƙara, an kafa masa ginshiƙai irin na Rumawa, amma ba a ware ko taku uku ba inda mutum zai tsaya ya yi sallama, ya kaɗe ƙurar hanya. Daga get sai baranda, daga baranda sai tsakiyar falo, inda ta yiwu uwargida na zaune babu mayafi tana tsefe wa 'yarta kai.

A 'yan shekarun nan masu gini sun fara jin wannan giɓi a jikinsu, sai dai maganin da suke nema daga cikin waya yake fitowa. Mutum zai buɗe Pinterest ko Instagram, ya ga hoton wani ɗan ɗaki tsaf-tsaf a mashigar gida: ƙasa shimfiɗe da katako mai ƙyalli, bango sanye da allunan katako an shafe su da fenti fari ko kore, ga benci, ga maratayai a jere, ga kwanduna a ƙarƙashi. Sai ya miƙa wa kafinta wayar ya ce, "Malam, irin wannan nake so." Kafinta kuwa bai taɓa cewa bai iya ba. Abin da nake so mu duba tare da mai karatu shi ne inda wannan ɗaki ya samo asali, da matsalar da aka ƙirƙire shi domin ya warware, da kuma abin da ke faruwa da shi idan ya sauka a ƙasar da ke da hunturu da damina da gara.

Amurkawa ne da mutanen Kanada suka fi shahara da shi, kuma sunan da suka ba shi, in an fassara kai tsaye, shi ne "ɗakin taɓo". Sunan bai zo da wasa ba. A jihohin arewa maso gabashin Amurka irin su Vermont da Maine, bayan watannin sanyi akwai wani lokaci tsakanin ƙarshen Maris da watan Afrilu da mutanen wurin ke kira lokacin taɓo. Dusar ƙanƙara na narkewa daga sama alhali ƙasar da ke ƙarƙashi tana nan a daskare, ruwa ya rasa inda zai nutse, sai hanya ta koma kunu. A Vermont kimanin rabin hanyoyin jihar ba su da kwalta, saboda haka manomi da ɗan makaranta duk da manyan takalma masu nauyin laka suke dawowa gida, ga rigunan sanyi jiƙe sharkaf, ga gishirin da hukuma ke watsawa a kan titi don narkar da ƙanƙara. Dole a sami wurin da za a sauke wannan kaya kafin a taka cikin gida. A gidajen gona na dā, barandar baya ce ke wannan aiki. Bayan yaƙin duniya na biyu, da mota ta wadata aka riƙa haɗa gareji da jikin gida, sai iyali suka daina shiga ta ƙofar gaba, ɗan ɗakin da ke tsakanin gareji da kicin ya zama shi ne ainihin ƙofar gida. Daga tsakiyar ƙarni na 20 ne sunan ya shiga zanen gidaje da mujallu.

Allunan bangon ma da nasu dalilin. Tun a tsakiyar zamanai Ingila ke shigo da katakon itacen da Turawa ke kira ok daga ƙasashen tekun Baltik, ana lulluɓe bangon dutse da shi domin tare sanyi da danshin da ke tasowa daga ƙasa. Daga baya aka taƙaita shi zuwa ƙasan bango, kimanin mita ɗaya daga daɓe, daidai inda kujera da gwiwa da hannun yaro ke gogawa, domin allo ya fi filasta jure duka kuma ana iya goge shi da tsumma. Jerin maratayan nan kuwa da ke burge mutane, gādo ne daga wata ƙungiyar Kiristoci da ake kira Shaker, waɗanda shugabarsu Ann Lee ta isa Amurka da su daga Ingila a 1774. Sun kasance masu tsananin son tsabta da rashin ƙawa, suna kafa doguwar fallen katako mai turaku a bangon kusan kowane ɗaki, su rataye riga da hula har da kujeru, domin a share ƙasa babu cikas. Kowane abu a hoton nan, ashe, amsa ce ga wata tambaya da yanayi ko sana'a suka yi wa mutanen wurin. Abin da hoto ba ya faɗa kuma shi ne, a can ɗin ma magina da yawa suna ba da shawarar a sa tayil ko dutse ko bulo a ƙasan ɗakin taɓo, saboda katako da ruwa ba sa ga maciji.

Jafanawa sun bi wata hanyar. A gidansu, ko da ɗan ƙaramin ɗaki ne a bene na goma a Tokyo, akwai wurin da suke kira genkan: daɓen bakin ƙofa ana yin sa da dutse ko tayil, a kuma sauke shi ƙasa da sauran gidan da ɗan taki. A nan takalmi ke tsayawa, a hau takin da safa ko silifas na cikin gida, a gefe kuma akwai kabad na takalma. Katako sai daga saman takin yake farawa.

To mu fa? Mu ne ya kamata mu fi kowa jin kunyar tulin takalman nan, domin ba mu rasa gādo ba. Zaure, ko soro kamar yadda Kanawa suka fi cewa, ya girmi ɗakin taɓo da ɗaruruwan shekaru, kuma aikinsa ya fi nasa yawa nesa ba kusa ba. Masana irin su Friedrich Schwerdtfeger, wanda ya auna gidajen birnin Zariya ya wallafa littafinsa a 1982, da J. C. Moughtin da nasa littafin kan gine-ginen Hausa ya fito a 1985, duk sun tsaya a kan tsarin nan da kowane ɗan birni ya sani ba tare da karatu ba: daga titi sai zaure, daga zaure sai ƙofar gida, wato filin da samari da baƙi ke kwana, daga nan sai shigifa, sannan cikin gida. Kowane mataki yana tace mai shigowa. Wanda ya zo neman maigida a zaure zai zauna, aminin gida ya kai shigifa, muharrami da mata su wuce ciki. Magini kuma ba ya taɓa daidaita ƙofar shiga da ta fita su kalli juna, sai ya karkatar da su, ta yadda mai wucewa a titi ko mai zaune a kan tabarma ba zai hango tsakar gida ba ko da an bar ƙyaure a buɗe. A zauren nan ake karatun allo da na zaure, a nan maɗinki ke ɗinkin hula, a nan ake raɗin suna da zaman makoki, a nan almajiri da matafiyi ke samun wurin kwana. Wanda ke son ganin yadda abin yake a idonsa, ya leƙa Gidan Makama a Kano, ko ya zaga unguwar Birni a Damagaram inda fuskokin zauruka ke sanye da zane, ko ya je gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, wanda Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Folan, ya yi wa hidima.

Yadda zaure ya salwanta ba ɓoyayyen labari ba ne. Gidan Bature a unguwannin GRA ya zama abin koyi ga ma'aikacin gwamnati, dokokin tsara birane suka ce a ja gini baya daga titi, mota ta nemi wurin kwana, tsoron ɓarayi ya kawo katanga da get, fuloti mai ƙafa 50 da 100 ya matse kowa. A tsofaffin unguwanni kuma zauruka da yawa an fasa su an mai da su shaguna, abin da ba zan zargi kowa a kansa ba, tunda kuɗin haya na sayen hatsi. Sai dai aikin da zaure ke yi bai tafi tare da shi ba. Har gobe akwai mutumin da bai kai a shigar da shi falo ba, kuma ya wuce a bar shi a tsaye a rana: mai gyaran famfo, direban aboki, ɗalibin da ya zo gaida malaminsa, dattijon unguwa da ya kawo katin gayyata, manemin auren 'yar gida a zuwansa na farko. Yau ko dai a bar shi a bakin get yana hira da maigadi, ko a shigo da shi falo matan gida su tashi da gudu, su zauna a ɗaki kamar fursunoni har ya gama shan ruwansa. Matan ne ke biyan kuɗin wannan kuskuren zane, su ne kuma ke share yashin da takalma ke kwasowa har gaban talabijin.

Saboda haka ban ga laifin wanda ya ga hoton ɗakin taɓo ya ji yana so ba. Buƙatarsa gaskiya ce. Inda nake da ja shi ne batun katakon, musamman na ƙasa.

Katako ko bayan an sare shi an fere shi bai daina numfashi ba. Yana shan laima daga iska ya kumbura, ya saki laima ya tsuke, kuma ta faɗi yake wannan motsi, ta tsawo kusan babu. Ƙungiyar masu shimfiɗa daɓen katako ta Amurka tana ba da shawarar a riƙe laimar cikin gida tsakanin kashi 30 da 50 cikin ɗari duk shekara, inda ruwan da ke jikin katako zai tsaya tsakanin kashi 6 da 9. Su suna iya hakan, domin gidajensu a rufe suke ruf, na'urar ɗumama ɗaki da ta sanyaya shi ba sa rasa wuta. A Kano kuwa, da rana a tsakiyar hunturu laimar iska na sauka ƙasa da kashi 20, a watan Agusta kuma ta haura 70 har ta taɓa 80. Katakon da ya zauna a iska mai laima kashi 20 ruwan jikinsa na komawa wajen kashi 4, wanda ya zauna a mai kashi 80 kuma ya kai wajen 16. Ga itacen ok da aka fi gani a hotunan nan, wannan tazara na iya sa allo mai faɗin santimita 10 ya motsa da milimita 3 zuwa 4. Abin kamar bai taka kara ya karya ba, sai an tuna cewa mashiga mai faɗin mita 2 allo ashirin take ci. A tara a gani: santimita 6 zuwa 8, faɗin yatsu uku ko huɗu. In an shimfiɗa shi da rani an matse shi da bango, damina na sauka zai rasa wurin miƙe ƙafa, ya yi tozo a tsakiya. In da damina aka shimfiɗa, hunturu zai buɗe tsakanin allunan, yashi ya cika ramukan, kuma in laima ta dawo ba za su sake haɗuwa daidai ba. Mashigar gida ce kuma ta fi kowane ɗaki shan iskar waje, tunda ƙofarta ba ta hutawa.

Na ga wannan da idona a gidan wani abokin aiki a Kaduna. An gama masa aikin a watan Fabrairu, ya yi kyau har ana zuwa kallo. Kafin Agusta ta ƙare ƙofar falo ta daina buɗuwa sai an sa kafaɗa, yara kuma sun sami wurin wasa, suna taka tozon yana lotsawa yana tasowa. Wanda ya yi aikin ya ce ruwa aka zubar. Ba a zubar da komai ba, iska ce kawai ta yi abin da ta saba.

Akwai ƙarin matsala daga kasuwa. Yawancin katakon da ake saukewa a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano ko a Dei-Dei ta Abuja daga dazuzzukan kudu yake zuwa, inda iska ke da laima, kuma ba kowanne ne ake busarwa a tanda ba. Wanda ya isa jiya aka fere shi yau aka kafa gobe, a jikin bangonka zai ƙarasa bushewa, yana murɗewa yana tsagewa. Akwai 'yar na'urar auna ruwan katako mai allurai biyu da ba ta kai girman waya ba. Kafintan da zai karɓi aikin daɓe bai mallake ta ba, ni dai sai in nemi wani.

Sai ƙura. Hazon da ke rufe mana sama daga Disamba zuwa Fabrairu, wanda babban kasonsa ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, da yashin da ke manne a tafin takalmi, suna ɗauke da ƙwayoyin ma'adinin da ya fi duk wani folish tauri. Kowane taku kamar an goga takardar yashi ne. Sai kuma gara, wadda ba ta buƙatar gayyata: ta ƙarƙashin ƙasa take tafiya, ta sami tsaga a siminti ko ramin bututu, ta shige bayan allon bango inda duhu da ɗumi suke, ta cinye ciki ta bar maka fenti a tsaye. Ba banza ba magabatanmu suka taƙaita itace a gini ga azarar giginya da gara ba ta cika iya mata ba, da ƙyauren ƙofa. Ƙasa kuwa daɓe ne, mata su taru da madaɓai suna waƙa suna bugu, a shafe da makuba ta ɓawon ɗorawa har ya yi sulɓi. Bango mai shan ruwa a yi masa laso, haɗin katsi na marina da gashin majema da dafara. Su ma sun san ƙasan bango na buƙatar riga, da abin da ƙasarsu ta ba su suka ɗinka ta.

Wani zai ce ai muna da itatuwa masu ƙarfi. Haka ne. Iroko da tik motsinsu bai wuce kusan rabin na ok ba, kawo ma ya shahara da zama lafiya, kuma gara na jin nauyinsu. Amma a tambayi daji. Maɗobiya, wadda aka yi wa sarar wawa a Taraba da maƙwabtanta ana lodinta zuwa ƙasar Sin, sai da taron yarjejeniyar CITES na 2016 a Johannesburg ya sanya ta cikin jerin itatuwan da ba a fitar da su ƙetare sai da izini. A taron 2022 a Panama, maɗaci da kawo na Afirka suka bi sahu. Dokar cinikin ƙasa da ƙasa ce, ba ta hana ka saye a kasuwar garinku ba, amma ta ishi mai hankali ishara game da abin da ya rage. Itacen da ya shekara sittin yana girma, a ganina, ya fi ƙarfin a shimfiɗa shi a inda za a riƙa goge masa kashin kaji. In dole sai an yi, a nemi tik na shuka irin wanda ake samu a dajin Nimbiya da ke kudancin Kaduna da gandayen kudu maso yamma.

Da tsada ta kori mutane daga katako na gaske, sai suka faɗa wa na jabu. Wanda ake kira laminet garin katako ne da aka matse, aka manna masa hoton itace a sama. Ruwan buta ɗaya ya shiga gaɓarsa, bakin ya kumbura, kuma ba ya komawa. Allunan roba na bango su ne suka fi ba ni tsoro. Robar PVC in ta kama wuta tana fitar da hayaƙi mai guba da ke ƙona ido da maƙogwaro, ga shi sau da yawa a mashigar gida ake kafa akwatin rarraba wuta da makunnin sauya layi zuwa janareta, wayoyi na bi ta bayan allunan. A gidan da kowace taga an ɗaure ta da ƙarfe saboda ɓarayi, ƙofar nan ita kaɗai ce mafita. Wanda ya lulluɓe ta da abin da ke ci da wuta ya yi wa iyalinsa tarko da kuɗinsa.

Da ni ne zan zauna da mai zanen gida yau, da zaure zan fara, kafin a zo maganar girman falo. Ɗaki nake so mai kamar mita 2 da rabi a faɗi, 3 a tsawo, abin da bai kai murabba'in mita 8 ba, ƙasa da abin da mota ɗaya ke ci a tsakar gida. Ƙofar waje da ta ciki kada su kalli juna. Ƙasan a sauke shi da ɗan taki kamar na Jafanawa, wanda mu ma muna da ɗan'uwansa a dokin ƙofa, a yi shi da tarazo ko tayil mai kaushi wanda ba ya santsi in ya jiƙe. Mai sha'awar launin itace akwai tayil mai zanen katako da ba ruwansa da hunturu. A waje dab da ƙofa a sa famfo da magudana, domin mai alwala da yaron da ya dawo daga ƙwallo. In da hali, ban-ɗakin baƙi ya buɗe ta cikin zauren, kada baƙo ya ratsa gida.

Katako kuma a ba shi inda zai yi daraja. Benci mai tsayin santimita 45, daidai yadda dattijo zai zauna ya tuɓe takalmi ba tare da ya dafa bango ba, a ƙarƙashinsa kantocin takalma a buɗe domin iska ta ratsa, don rufaffen kabad a zafin Afrilu ba ya bukatar bayani. Allon bango ya tsaya a mita ɗaya da 'yan kai, kada ya taɓa ƙasa. A fara da gindin tayil na santimita 15 saboda ruwan mofa, a kafa allunan a kan sanduna da kusoshi masu murɗi ta yadda za a iya cire ɗaya a leƙa ko gara ta yi sallama. Allunan su zama sirara, santimita 6 ko 7, masu shiga cikin juna, kowanne da ɗan wurin motsi, a kuma shafe su gaba da baya kafin a kafa. A sayi katakon da wuri, a jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani ya sha hunturu guda cur. Maratayai biyu, na manya a sama, na jakar makaranta a daidai kafaɗar ɗan firamare.

Faɗin ƙofofin kuwa kada a yi masa rowa, ko da mai zane ya ce santimita 90 ta isa. A kai shi mita 1 da santimita 20, a kuma bar fili tsakanin ƙofofin biyu da dogon abu zai iya juyawa, tunda an karkatar da su. Ta nan gadon amarya da kujerunta za su shiga, ta nan keken mara lafiya zai bi, kuma ta nan mutum huɗu za su fito ɗauke da makara.